Sa'ar Marubuci da Bashin da Ke Kan Masana Harshe

A ranar 26 ga Maris 2025 aka ƙaddamar da Kundin Sake Gina Ƙasa a Yamai, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. An yi ta muhawara a kan wannan hukunci a azuzuwa da gidajen rediyo da fadojin samari, wasu na murna, wasu na fargabar makomar sauran harsunan Nijar. Sai dai akwai tambaya guda da ba a cika tsayawa a kanta ba: wa zai rubuta Hausar? Doka tana iya ɗaga darajar harshe a yini ɗaya, amma littafin karatun ɗan aji uku, da takardar bayanin allurar rigakafi, da labarin da budurwa za ta soma ta kasa ajiyewa, duk sai wani ya zauna ya rubuta su. Shi kuwa wanin nan yana da sana'ar da yake ci da ita, yana da iyali, yana da kunnen da labarun duniya ke shiga dare da rana. Ra'ayin wannan maƙala shi ne cewa lokaci ya fi komai ƙaranci a hannun marubucin Hausa, kuma wani kaso na ɗan lokacin nan yana salwanta a kan matsalolin da masana harshe ne ya kamata su kawar masa da su.

Yinin marubuci a Adar da Gobir Tudu

A ɗauki misalin malamar firamare a wani ƙauye na gundumar Buza, irin wadda duk wanda ya zauna a Adar ya san da yawa kamarta. Maigidanta ya tafi cin rani Abijan tun bayan girbi, kamar yadda mazan yankin suka daɗe suna yi, ya bar mata ƴaƴa uku da tsohuwarsa. Da asuba sai neman ruwa, a ƙasar da duwatsu suka yi yawa, rijiya kuma ta yi zurfi. Daga nan sai kunun yara, sai aji, wanda wani lokaci rumfar kara ce da iskar hunturu ke ratsawa. Da yamma ga niƙa, ga tuwo, ga gyaran aikin ɗalibai, ga shirin darasin gobe. Sai bayan isha'i, in goyo ya yi barci, take ɗaukar wayar da aka cika wa caji a shagon mai sola, ta rubuta shafi biyu ko uku na labarin da take sakawa a zauren WhatsApp, inda mata masu karatu ke jiran ci gaba tun la'asar.

A Madawa kuma ga wani magidanci da ke fassara wa ƙungiyoyin agaji saƙonni a kan tamowa da shayar da jarirai daga Faransanci zuwa Hausa, yana rubuta gajeren wasan kwaikwayo ga rediyon gari, yana kuma da garkar albasa a kwarin Tarka wadda ba ta san uzuri ba: ranar ban-ruwa ranar ban-ruwa ce. A cikin akwatinsa akwai littattafan rubutu cike da abin da ya ji daga bakin tsofaffi game da sarautar Gobir Tudu. Shekara da shekaru yana cewa zai mayar da su littafi in ya samu sarari, tsofaffin kuwa suna ta raguwa.

Waɗannan mutane biyu ba su kiran kansu marubuta a bainar jama'a, kuma babu wata takarda ta hukuma da ta lissafa su a haka. Duk da haka mafi yawan Hausar da ake rubutawa a Madawa da Buza da Keita daga hannun ire-irensu take fitowa.

Masu rabon sa'a guda

Abubuwa uku ke takarar sa'ar da ta rage wa irin wannan marubuci. Na farko aikin kuɗi. Fassarar da ƙungiya ta bayar tana da wa'adi, tana da lada, saboda haka ita ke shiga gaba, littafin zuciya ya koma ƙasan akwati. Babu laifi a cikin wannan zaɓi, domin da ruwan ciki akan ja na rijiya. Illarsa ita ce hannun marubuci yakan saba da Hausar rahoto, mai bin ƙirar jimlar Faransanci sawu da ƙafa, har ya zama in ya komo kan nasa aikin sai ya yi kwanaki kafin harshensa ya warware.

Na biyu ƴaƴa. Sa'ar bayan isha'i da malamar Buza ke rubutu a cikinta ita ce a al'adance sa'ar tatsuniya, lokacin da uwa ko kaka ke zuba wa yaro harshe a kunne. Duk shafin da ta rubuta wa masu karatu na nesa, daga rabon masu sauraro na kusa ta yanko shi, kuma ta san da haka. Amma yaran nan su ne kuma makarantarta. Daga bakinsu take jin yadda Hausar gobe ke tsirowa: kalmar da suka ɗauko daga lakwal, da wadda suka tsinta a finafinan Kano, da wadda suka gada daga kakarsu ba su san ta tsufa ba. Marubucin da ya nisanci hayaniyar gida zai samu natsuwa, amma zai rasa wannan kunne.

Na uku al'amuran yau da kullum. A wannan yanki labarin duniya yakan shigo har cikin tukunya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take turowa, ba a sassauta ba sai a watannin Fabrairu da Maris na 2024. Ga mutumin Madawa, wanda iyaka ke kusa da shi, wannan na nufin tsadar kaya, da wahalar cajin waya, da tsaikon hanyar da hajar Kano ke biyowa, har da littattafai. A irin wannan lokaci jama'a sukan juyo ga mai ilimin gari su ce ya fassara musu sanarwa, ya bayyana musu abin da rediyo ya faɗa, ya bambance musu gaskiya da jita-jitar da ke yawo a waya. Ba zai iya cewa yana tsakiyar babi na tara ba.

Abin da tarihi ya nuna

Akan ce ai haka manyan marubuta suka yi, kuma ba su yi ƙorafi ba. Gaskiya ne cewa Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta riƙe gida, ta yi renon ƴaƴa, ta tsara ƙungiyar ƴan taru da jajojinta domin karantar da matan karkara, ta kuma yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa a kan al'amuran zamaninta. Gaskiya ne kuma cewa Balaraba Ramat Yakubu ta Kano, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙaramar yarinya, ta komo ta nemi ilimi da girmanta, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, aka kuma buga fassarar na biyun da Ingilishi a Indiya a 2012. Sai dai wanda ya kafa hujja da su ya manta da abu biyu. Asma'u ta tashi a gidan malamai, kewaye da littattafai da masu kwafe rubutu da ƴan'uwa masu duba aikin juna. Sa'annan waɗanda ɗawainiya ta ci ƙarfinsu suka ajiye alƙalami ba su bar wani littafi da za a ƙirga su da shi ba.

Misalin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne na Abubakar Imam. Yana malamin makarantar Midil ta Katsina ya shiga gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933, ya fito da Ruwan Bagaja. A 1936 aka ɗauke masa nauyin aji, aka kai shi Zariya na wata shida domin rubutu kawai, a nan ya samar da littattafai uku na Magana Jari Ce, waɗanda har yau ake koyon Hausa da su. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, a shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ya shafe kimanin shekara goma sha biyu yana bin labarun yau da kullum. Ya yi wa harshe hidima mai girma a jarida, ya rubuta wasu littattafan, amma bai sake fitar da ƙagaggen aiki mai girman Magana Jari Ce ba. Baiwar Imam ɗaya ce kafin 1936 da bayanta. Abin da ya bambanta wannan shekara shi ne wata hukuma ta ga cewa lokacinsa ya cancanci a saya masa.

Baiwa kuma ba ta ƙare a wannan ɓangare na iyaka ba. Gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka soma a 2016 domin mata marubuta, ta zo hannun Amira Souley ta Maraɗi a 2022 da labarinta Garar Biki. Babu dalilin zaton cewa Keita ko Buza ba su da irinta.

Inda sa'ar ke yoyo

A nan ne zancen ya shafi sashen kimiyyar harshe kai tsaye. In aka dubi yadda malamar Buza ke kashe sa'arta, za a tarar cewa ba duka ke tafiya a kan labari ba.

Akwai matsalar ƙa'idojin rubutu. Mafi yawan masu rubuta Hausa a Nijar da Faransanci suka koyi karatu. Ko da yake an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, tsarin bai game ƙasa ba. Saboda haka mutum ya iya Hausa kamar ruwa, amma hannunsa yana rubuta «tchiki» a maimakon «ciki», da «kouana» a maimakon «kwana». In ya so gyarawa sai ya shiga kokwanto: «a kan» ne ko «akan», «ba ta» ne ko «bata»? Amsoshin suna nan. An yi taron Bamako a 1966, an yi na Yamai a 1980 wanda ya kusanto da rubutun Nijar da na Najeriya, ma'aikatar ilimi kuma ta fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1999. Amma takardar da ke cikin kabad a Yamai ba ta amfanar mai rubutu da fitilar waya a Adar.

Akwai matsalar baƙaƙe masu ƙugiya. Wayar da ba a saita ba ba ta bambance «baki» da «baƙi», ko «kura» da «ƙura», balle ta kawo «ƴ» da Nijar ke amfani da shi inda Najeriya ke rubuta «'y». Manhajojin allon rubutu masu ɗauke da waɗannan baƙaƙe suna nan kyauta, sai dai ba kowa aka nuna wa ba.

Akwai matsalar karin harshe. Ba'adare yana cewa «sun tahi», «shina zakuwa», «da munka isa», «ɗiyata», inda daidaitacciyar Hausa ke cewa «sun tafi», «yana zuwa», «da muka isa», «ƴata». Marubucin Keita fassara biyu yake yi a jimla ɗaya: daga abin da ya ji zuwa abin da aka ce shi ne daidai, sa'annan ya tsaya yana tunanin ko tsohuwar da ke cikin labarinsa za ta yi magana kamar ƴar Kano. Bernard Caron ya yi cikakken nazarin Adaranci, aka buga shi a Berlin a 1991, da Faransanci, cikin yaren masana. Aiki ne mai daraja, amma bai gaya wa marubuci yadda zai sa Adaranci a bakin taurarin labarinsa ba tare da ya rikita mai karatu na Zariya ba.

Akwai kuma matsalar sababbin kalmomi. Kowane mako labarai na kawo wata kalmar Faransanci da ba ta da tsayayyar takwara, mai fassara a Madawa ya ƙirƙiro tasa, na Tawa ya ƙirƙiro tasa, na Damagaram ya ari ta gidajen rediyon waje. Ƙaramin Ƙamus na Abdou Mijinguini ya yi wa masu fassara hidima shekaru da dama, amma ƙamus bugagge ba ya iya tsere da labarun safiya. Aikin da ya kamata a yi sau ɗaya a raba wa kowa, sai ga shi mutum ɗari suna maimaita shi, kowa a ɗakinsa, kowa daga cikin sa'arsa.

Hujjojin masu ja

Wani zai ce aikin masanin harshe shi ne bayyana yadda harshe yake, ba gyara wa mutane rubutu ba. Wannan rabin gaskiya ce. Ƙa'idojin rubutun da ake taƙama da su masana harshe ne suka zauna suka tsara, kuma wanda ya kafa doka bai isar da ita ga masu aiki da ita ba bai gama aikinsa ba. Ban da haka, kowace shekara ɗalibai na zuwa garuruwan nan da na'urar ɗaukar murya, a ba su masauki, a ba su fura, a ba su sa'o'i na hira kyauta, su komo su rubuta kundin digiri da Faransanci wanda mutanen da aka yi hirar da su ba za su taɓa gani ba. Bashi ne, ko da ba a rubuta shi ba.

Wani kuma zai ce ainihin matsalar kuɗi ce: babu maɗaba'a a kusa, babu kantin littattafai, babu mai biyan marubuci. Wannan gaskiya ce cikakkiya, kuma babu jadawalin baƙaƙen da zai sayi buhun hatsi. Amma ɗalibin kimiyyar harshe ba shi da baitulmali. Abin da yake da shi shi ne sanin da zai rage wa marubuci wahalar da ba ta zama dole ba, kuma rashin ikon yin babban abu ba ya halatta barin ƙarami.

Abin da ke cikin iko

Na ɗaya, a taƙaita ƙa'idojin rubutun Hausa cikin shafi huɗu, da Hausa, da misalan kurakuran da mai ilimin Faransanci ya fi yi, a yaɗa su a waya a matsayin hoto da saƙon murya. Na biyu, duk ɗalibin da ya je binciken fili ya ware rabin sa'a ya saita wa malamai da ma'aikatan rediyo allon rubutu mai ƙugiya. Na uku, a buɗe jerin sababbin kalmomi da za a riƙa sabuntawa tare da ƴan jarida, a kuma soma da tattara abin da jama'a suka riga suka raɗa kafin a ƙirƙiro sabo. Mutanen da ke cewa «ɗiyauci» da «tamowa», waɗanda suka san «tassa» da «rabin wata» a aikin farfaɗo da ƙasa, ba su jira kwamiti ba. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka soma a 1984 da tallafin Italiya da hukumar FAO, mata ne suka fi yawa a cikin masu ɗaukar duwatsunsa, kuma kalmomin da suka yi aikin da su sun cancanci shiga ƙamus tun masu su na raye.

Na huɗu, a sa tace rubutun wani marubuci na karkara cikin ayyukan da ake ba ɗaliban digiri na biyu maki a kansu, bisa sharaɗin a gyara ƙa'ida a bar masa karin harshensa a inda ya zaɓa, musamman a bakin taurarin labari. Na biyar, a kafa ma'ajiyar labarun WhatsApp da wasannin rediyo, da izinin masu su da sunayensu, domin a yau waya ɗaya in ta faɗa ruwa littafi guda ya tafi. Na shida, wanda ya fi sauran nauyi: a nemi jami'ar Tawa, mai ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar, ta riƙa karɓar marubuta kaɗan na wata ɗaya a lokacin babban hutu, da ɗaki da abinci da wuta, da kuma wurin ajiye yaro ga mai goyo. In ba a tanadi wannan na ƙarshe ba, maza kaɗai za su zo, alhali mata suna cikin waɗanda suka fi riƙe ƙagaggen labari na Hausa a yau. Wata ɗaya bai kai wata shidan Imam ba, amma ya fi abin da malamar Buza ke tarawa a shekara.

Kammalawa

Matsayin harshen ƙasa alkawari ne, cika shi kuma yana hannun mutanen da ba su da lokaci. Ba za a raba marubucin Adar da ƴaƴansa ko garkarsa ko labarun ƙasarsa ba, kuma bai kamata a so hakan ba, tunda daga nan Hausarsa ke samun gishiri. Abin da za a iya yi shi ne a toshe inda sa'arsa ke yoyo, domin in ya zauna bayan isha'i ya kashe ta a kan abin da shi kaɗai zai iya faɗa. Hutu na tafe, ɗalibai da yawa za su koma Madawa da Buza da Keita. Wanda ya isa gida, bayan gaisuwa, ya tambaya wa ke rubutu a garin, ya je ya same shi, ya ce a nuna masa abin da ke cikin akwati.